Yadda ake shan bitamin D ya yi aiki: maganar maganiziyam, kalsiyam da sauran abokan tafiyarsa

Yayata ce ta ja na zauna na bi diddigin wannan abu. Kusan shekara guda tana fama da ciwon baya da na ƙafafu, in ta zauna a ƙasa sai ta dafa bango take iya miƙewa, an sha maganin maleriya an sha na taifot kamar yadda muka saba amma shiru kake ji. Daga baya wani likita yace a auna bitamin D ɗinta, aka tarar yana ƙasa sosai, ya rubuta mata ƙwaya ta sha wata uku cur ba fashi, da aka koma gwaji ƙarin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Ranar ta kira ni ranta a ɓace wai jabun magani aka sayar mata. Nace Yaya dakata tukuna, yaushe kike sha, me kike ci, kuma akwai wani maganin da kike haɗawa da shi? Toh nan fa zance ya fito. Da asuba take haɗiye shi da ruwa ciki ba komai, abincinta kullum farar shinkafa da taliya da burodi da shayi, sannan ta fi shekara tana shan omeprazole saboda olsa ba tare da ta koma wajen likita ba.

Abun da ya kamata a fara ganewa shine bitamin D ɗin da ka haɗiya, ko wanda fatarka ta haɗa a rana, ɗanye ne, ba zai yi maka aikin komai a haka ba. Sai ya biya ta hanta an juya shi ya koma wani abu da ake rubutawa 25(OH)D, wannan shine ake aunawa a jini, daga nan ya wuce ƙoda a sake juya shi karo na biyu, sannan ne zai iya zuwa hanji ya sa a tsotsi kalsiyam daga abinci. Toh ma'aikatan da ke wannan juyin a hanta da ƙoda da maganiziyam suke aiki. Kamar ka kai buhun gero injin niƙa ne ka tarar babu mai, ƙaro buhu na biyu da na uku ba zai sa ka koma gida da gari ba. Akwai ma binciken da aka yi a jami'ar Vanderbilt ta Amurka aka fitar a 2018, inda suka ga maganiziyam ya ɗaga bitamin D a jinin waɗanda nasu ke ƙasa-ƙasa, waɗanda nasu ke sama kuma ya ɗan sauko da shi, wato saita shi yake yi.

Mataki na farko, gwaji kafin kemis

In da hali kar ka fara da siyan kwalba. Ka je lab ka ce gwajin 25(OH)D kake so, kuma in za a ɗebi jinin a haɗa da kalsiyam da gwajin ƙoda lokaci ɗaya. Na san kuɗin gwajin da ɗan nauyi kuma ba kowane ƙaramin lab ke yi ba, amma ya fi ka shekara kana shan abu a makance. In sakamako ya fito ka fara duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, dan iri biyu ne kuma yana rikita mutane: akwai ng/ml akwai nmol/L, kowane 1 na farkon daidai yake da 2.5 na biyun. Ƙasa da 12 ng/ml ƙaranci ne na gaske, 12 zuwa 20 bai wadatar ba, daga 20 zuwa sama ya ishi ƙashin yawancin mutane, wasu likitocin kuma sun fi son su ga 30. Kaga wanda takardarsa tace 50 nmol/L 20 ke gare shi kenan, ba 50 ba.

Wani zai ce mu da rana ke gasa mu ina mu ina ƙarancin bitamin D? Yawancinmu da ke yawo a waje lafiya lau muke. Amma ka duba matar da ke cikin gida wuni guda, in zata fita ta rufe jiki ruf ta shiga mota, ko ma'aikacin da ke shiga ofis tun 8 ya fito bayan la'asar, ko tsohon da ya kwanta ciwo, ko mai ƙiba sosai da kitse ke riƙe bitamin ɗin, ko mai sikila. Baƙar fata ma tafi buƙatar daɗewa a rana kafin ta haɗa abun da farar fata ke haɗawa. Hasken da ya ratso gilashin taga kuwa baya haɗa komai. Kuma ranar sanyin safiya da ake ta yabo ba ita ce mai ƙarfin ba, daga hantsi zuwa azahar ne, lokacin da inuwarka ta fi ka gajarta. Ƴan uwanmu da ke Ingila su nasu daban ne, hukumar lafiyar can tana ba kowa shawarar shan bitamin D 400 IU (IU shine ma'aunin da ake rubutawa a kwalbarsa) kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara.

Na biyu, ka zazzage jakar magungunanka

Wannan matakin mutane ke tsallakewa kuma shi ya kama Yaya. Omeprazole da danginsa in aka daɗe ana sha, musamman fiye da shekara, suna rage maganiziyam a jiki, har hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai a 2011. Magungunan sa fitsari da ake ba masu hawan jini da masu kumburi, irinsu Lasix, suna zubar da shi ta fitsari. Mai ciwon suga da sugansa baya saituwa shima haka yake asararsa, haka mai yawan gudawa da mai shan giya. Ta ɗaya gefen kuma akwai masu cinye bitamin D ɗin kansa: magungunan farfaɗiya kamar phenobarbital da phenytoin da carbamazepine, da rifampicin na tarin fuka, sai prednisolone da dexamethasone, wanda abun takaici wasu matan ke sha dan su yi ƙiba. Ba cewa nayi ka daina maganin da likita ya ɗora ka a kai ba, a'a, ka rubuta sunayensu duka a takarda ka nuna masa ranar da zai rubuta maka bitamin D.

Kuma kar gwajin maganiziyam na jini ya rufe maka ido. Jikin babban mutum na ɗauke da kusan giram 25, fiye da rabi a ƙashi yake, wanda ke yawo a ruwan jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba, dan haka takarda zata iya cewa lafiya alhali rumbun ya fara yin ƙasa. Alamun da ake lura da su sune jijiyar ƙafa ta dinga ɗaurewa cikin dare, fatar ido tana rawa, kasala, rashin cin abinci, wani lokacin bugun zuciya ya dinga tsalle. Sai dai alamun nan wasu cutukan ma na kawo su, kar a yanke hukunci da su kaɗai.

Na uku, maganiziyam daga tukunya

Nan ne zan daɗe, dan a ganina nan maganin yake ga yawancin mutane. Namiji babba na buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, mai juna biyu 350 zuwa 360. Abun mamakin shine abincinmu na gado cike yake da shi, mu ne muka juya masa baya. A giram 100 na riɗi akwai wajen miligiram 350, busasshen wake wajen 180, gyaɗa wajen 170, dawa wajen 160, gero sama da 100, ita kuwa farar shinkafa ɗanya bata wuce 35 ba. Dalili kuwa a dusa da ƙwayar tsiron hatsi yake zaune, duk abun da aka surfe aka goge yayi fari tas an zubar da mafi yawansa, awaki da kaji ne ke morewa. Haka fulawa, haka taliyar leda.

Ga yadda muka yi wa Yaya, ba wani abu mai tsada. Da safe maimakon shayi da burodi kullum, kwana uku ko huɗu a sati kunun gyaɗa ko koko da ƙosai. Da rana in shinkafa ce to da wake, kuma waken yayi yawa, ba ƙwaya goma na ado ba. Da dare tuwon dawa ko na gero ko na masara wanda ba a yi masa surfen ƙarshe ba, da miyar kuka ko zogale ko alayyahu ko taushe da aka sa wa gyaɗa, in agushi ne ma duk ɗaya. Sai abun taɓawa: kantun riɗi, ƙuli-ƙuli, cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa, aya, kwaɗon zogale ko rama. Wanda ya riƙe wannan tsarin da wuya ya kasa cika abun da ake nema.

Akwai wata dabara da iyayenmu ke yi ba tare da sun san sunanta ba. Hatsi da wake na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe maganiziyam da zinki da kalsiyam ya hana hanji tsotsarsu, jiƙawa da barin abu ya kwana yayi tsami na karya ƙarfinsa. Kenan gasarar koko da ƙullun waina da aka bari ya tashi da waken da aka jiƙa kafin a dafa duk sun fi wanda aka yi da gaggawa. Ganye kuma kar a tafasa shi a tsiyaye ruwan a zubar sau biyu sau uku in ba mai ɗaci bane, wani kason na tafiya da ruwan.

Na huɗu, in sai an sha na kwalba

In abinci bai wadatar ba ko kana cikin masu asararsa saboda magani, toh sai a je kemis, amma a buɗe ido. A jikin kwalba zaka ga an rubuta magnesium sannan wata kalma ta biyo baya, wannan kalmar ita ce zancen. Oxide shi yafi arha kuma yafi yawa a kasuwa, sai dai jiki baya tsotsarsa sosai kuma yana saurin sa gudawa. Citrate jiki yafi karɓarsa, yana ɗan sassauta ciki, mai fama da taurin bayan gida zai ji daɗinsa. Glycinate yafi sauƙi a ciki amma yafi tsada. Sannan ka juya bayan kwalbar ka nemi inda aka rubuta elemental, shine ainihin maganiziyam ɗin da ke ciki, misali ƙwayar oxide mai miligiram 400 abun da ke cikinta wajen 240 ne. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ka fara da kaɗan, miligiram 100 zuwa 200 a rana tare da abincin dare, bayan sati ɗaya in ciki bai motsa ba zaka iya ƙarawa. Iyakar da aka sa wa na kwalba ba tare da kulawar likita ba ita ce 350 a rana, na abinci kuwa ba shi da iyaka dan ƙoda mai lafiya na fitar da rarar. Ka lura da kalmar mai lafiya. Duk wanda ƙodarsa ta taɓu kar ya kusanci maganiziyam na kwalba sai da izinin likita, dan taruwa yake a jini ya saukar da hawan jini fiye da kima, ya rage bugun zuciya da numfashi, yana iya kisa. Shi yasa tun farko nace a haɗa da gwajin ƙoda. Kuma masu kurɓar Mist Mag ko Milk of Magnesia kullum saboda ƙwannafi su sani suma maganiziyam suke sha, a sa shi cikin lissafi.

Sai tazara. Maganiziyam da kalsiyam da zinki duk suna kama wasu magunguna a hanji su hana su shiga jini. In kana shan ciprofloxacin ko doxycycline ko tetracycline, ka sha su awa 2 kafin, ko awa 4 zuwa 6 bayan. Mai shan levothyroxine na maƙoƙo ya bada awa 4. Wallahi mutane da yawa na cewa maganin taifot bai yi musu ba alhali da madara ko maganin olsa suka kora shi.

Na biyar, shi kansa bitamin D ɗin

Iri biyu ne a kemis, D2 da D3. Ka nemi D3, yafi D2 ɗaga lambar a jini da daɗewa a ciki. Buƙatar yau da kullum 400 IU ce ga jariri, 600 ga yara da manya, 800 ga wanda ya haura 70, kuma iyakar da babba zai sha da kansa 4000 IU ce a rana. Wata kwalbar da mcg take rubutu, kowane 1 daidai da 40 IU, kenan 25 mcg shine 1000 IU. Mai 50,000 IU ɗin nan da ake gani sau ɗaya a SATI ake sha, galibi na sati 8, kuma likita ke rubutawa ga wanda gwaji ya nuna ƙaranci. Na rubuta sati da manyan baƙi ne dan akwai masu ɗaukarsa kamar farasitamol.

Bitamin D a mai yake narkewa, dan haka a sha shi a tsakiyar abinci mai maiƙo, wanda yafi nauyi a ranar: shinkafa da miya, ƙwai, kifi, kunun gyaɗa, ko da cokalin man shanu ne a tuwo. Da azumi a bari sai an ci abincin bayan magariba ko a sha da sahur, ba da dabino da ruwan buɗa baki ba. Ba dole bane a haɗiye shi minti ɗaya da maganiziyam, abun da ake so jiki ya kasance yana da duka biyun. Mai damuwa da halal kuma, yawancin D3 daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, inda ake bincike shine ɓawon ƙwayar mai taushi da ake yi da gelatin, in ba a faɗi na wace dabba bane sai ka ɗauki na ƙwaya mai tauri ko na ɗigawa.

Na shida, kalsiyam, musamman ga yara

Aikin bitamin D shine buɗe ƙofa kalsiyam ya shiga, in babu kalsiyam a abincin ƙofa ce aka buɗe ba mai shigowa. Kuma wannan a ƙasarmu aka tabbatar da shi. A asibitin koyarwa na jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, irin gwame da ƙafar baka, sakamakon ya fito a 1999. Yaran nan kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kacal a rana. Bayan sati 24, waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, kusan 6 cikin 10 ƙashinsu ya kama hanyar warkewa sosai, waɗanda aka ba bitamin D zalla kuwa kusan 2 cikin 10. Dan haka uwar da ta ga ƙafar ɗanta na lanƙwashewa kar ta tsaya kan sirof ɗin bitamin, a kai shi asibiti, a kuma duba me yake ci bayan yaye, dan koko zalla safe da yamma baya gina ƙashi.

Babba na buƙatar wajen miligiram 1000 a rana, mace da ta wuce 50 kuma 1200. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo na bada wajen 300, sai ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, sardin na gwangwani, kuka, zogale, riɗi. Fura da nono in ka duba haɗi ne mai kyau, gero ya kawo maganiziyam nono ya kawo kalsiyam, a dai tabbatar an dafa nonon. In za a sha na kwalba kar a wuce 500 a zama ɗaya dan hanji baya ɗaukar fiye da haka da kyau, mai carbonate a sha shi da abinci, a raba lokacinsa da na maganiziyam, mai ciki kuma ta raba shi da jar ƙwayar ƙarin jini da ake bata a wajen awo da kamar awa 2. Ni dai ban goyi bayan babba mai cin abinci sosai ya ɗora wa kansa kalsiyam na kwalba haka kawai ba, musamman wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda.

Sauran da ake ta tallatawa

Bitamin K2, wani nau'in bitamin K, shine ake yayi yanzu, duk mai sayar da kayan ƙarin lafiya a WhatsApp zai ce maka in ka sha D3 babu K2 kalsiyam zai toshe maka jijiyoyin jini. Gaskiyar da ke ciki ita ce bitamin K na tada wasu sunadarai da ke ɗaure kalsiyam a ƙashi su kuma hana shi zama a bangon jijiya. Amma mai shan 1000 ko 2000 IU yana cin ganye da ƙwai da hanta, ban ga dalilin da zai sa ya ninka kuɗinsa ba. Wanda ke shan warfarin na tsinka jini kuwa kar ya taɓa shi sam sai likitansa ya sani, dan yana warware aikin maganin.

Zinki ana buƙatarsa a wurin da bitamin D ke sauka cikin ƙwayoyin jiki, miligiram 11 ga namiji 8 ga mace, nama da wake da gyaɗa sun isa, kuma wuce 40 kullum na jawo wata matsalar ta ƙarancin jini. Bitamin A kuma a kula da man hantar kifi, dan yana ɗauke da A da D tare, in ka ce da shi zaka cike gibin D sai A yayi maka yawa, mai juna biyu musamman ta kiyaye. Bitamin A na manja da karas ba ya wannan illar.

Na ƙarshe, a koma lab

Bayan wata 3 ake maimaita gwaji, kafin nan jinin bai gama daidaita ba, kuma a lab ɗin farko in zai yiwu dan injina na ɗan bambanta. In ya hau sai a sauko zuwa ƙaramin adadi na riƙewa. In bai hau ba duk da an gyara lokacin sha da abinci da maganiziyam, toh sai likita ya duba hanji da hanta da ƙoda, ba kai zaka ninka da kanka ba. Ita Yaya abu uku aka canza mata lokaci guda, ta koma sha da abincin rana, aka gyara tukunya, likita ya sake duba maganar olsar ya sauya mata tsari, a gwaji na gaba lambar ta haura 20 kuma ta daina dafa bango.

A tsakanin nan in ka fara jin ƙishirwa mara ƙarewa, fitsari akai-akai har cikin dare, tashin zuciya ko amai, bayan gida ya ƙi fita, ko kai ya dinga ruɗewa, ka ajiye bitamin D da kalsiyam a ranar ka je a auna kalsiyam na jini, dan alamun yayi yawa kenan kuma ƙoda yake fara taɓawa. Masu shan maganin hawan jini irin hydrochlorothiazide da masu tarin fuka da waɗanda suka taɓa yin tsakuwar ƙoda sun fi saurin faɗawa wannan, su tun a wata na farko ya kamata a duba musu kalsiyam ɗin.